Haƙoran Dokin Baba

A shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana bununi, kaji ne kaɗai suka yi ƙiba a gidanmu. Mu mutane mun koma tuwo sau ɗaya a yini, awaki sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, amma kajin Inna, mahaifiyata, sai sheƙi suke yi. Kullum suna gindin turken dokin Baba suna tono. Ban kawo komai a raina ba a lokacin. Ni dai haushinsu nake ji, in na zo wucewa har ƙafa nake kai musu.

Ƙauyenmu yana tsakanin Tsanyawa da Makoda, inda gona ke manne da gona, babu wani daji da za ka saki dabba ta nemi na bakinta. Duk abin da doki zai ci sai an kai masa har turke. Ina da mata da 'ya'ya biyu a lokacin, muna gandu da Baba, tukunya ɗaya, rumbu ɗaya. Ni nake shiga rumbun in miƙo dami, saboda haka ba sai an gaya mini yadda ƙasansa ke matsowa ba.

Wanda bai san gidanmu ba zai ce me talaka yake yi da doki a shekarar yunwa. An sha faɗa, wasu a bayan idona, wasu a gabana. Dokin nan shi ne ƙafafun Baba. Tun ina ƙarami kurkunu ya fito masa a gwiwar hagu, ya tsinke a ciki, ƙafar ta sandare. Da sanda yakan kai daga ɗakinsa zuwa zaure, iyakar tafiyarsa ke nan. Amma in ya hau dakalin ƙofar gida aka jawo masa jan dokin nan mai baƙar geza, ya yi dabararsa ya zauna a sirdi, to ya zama mutum kamar kowa. Ya je gona, ya je Juma'a, ya je suna, ya je jana'iza. Ko gaisuwa yake yi daga kan doki, muryarsa daban take da wadda muke ji a zaure.

Bayan girbin da bai amsa sunansa ba, dokin ya fara ramewa. Haƙarƙarinsa suka fito, ƙugunsa ya tsaya tsololo. In aka zuba masa dawa sai ya karkata kai gefe guda yana tauna, rabi na zubowa ƙasa. Harawa kuwa sai ya dunƙule ta a baki ya tofar a jiƙe. Baba ya ce yunwa ce, dokin ya saba da ƙoshi, harawar bana kuma kara ce zalla babu ganye. Maganin yunwa a wurinsa ƙarin hatsi ne. Ya ce a ƙara, Inna ta ce babu. Bai yi musu ba. Washegari da ta fito da ƙwaryar awo, sai ya yi mata magana daga bakin ɗakinsa.

"Rabona kada ki daka. Ki ware mini shi tsaba."

"Malam, kai kuma ka ci me?"

"Na ce ki ware."

Haka aka koma. Da safe ya sha ɗan tsinkakken kunu, ya jefa ɓarin goro a baki. Da la'asar ya ja jiki zuwa turke, ya zauna a kan kututture, ya riƙe wa dokin ƙwarya da hannunsa har a gama. Doki na ramewa, mai doki na ramewa. In zai tashi daga zaune sai ya dafa bango ya jira jiri ya wuce. Na yi masa magana sau biyu, a na biyun har na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi ba. Ni mutum ne mai gajen haƙuri, duk wanda ya zauna da ni ya sani, kuma yunwa ba ta gyara wa mutum hali.

Kowa ya ga yadda dokin ke tauna ya san matsalar a baki take. Sai dai a wajenmu ba a buɗe bakin dokin mutum. Mai saye ne kaɗai ke ɗage leɓen doki ya duba haƙora don ya san shekarunsa. Ranar da aka ga baƙon hannu a bakin dokinka, gari ya ɗauka ka sa shi a kasuwa, kuma ka sa shi ne don gidanka ya kasa. Baba ya riƙe wannan da ƙarfi fiye da kowa. Shekara da shekaru yana sa wa dokin linzami, amma bai taɓa leƙa abin da ke bayan inda linzamin ke zama ba, bai kuma yarda wani ya leƙa ba.

Ni kuwa na gaji da kallo. Wata rana zazzaɓi ya kwantar da Baba, sai na kwance dokin wai zan kai shi rijiya, na zarce da shi maƙera. Maƙerin garinmu shi ke yi wa dabbobi lalas, wato ƙuna da jan ƙarfe. Tun ban gama ɗaure igiya ba ya ce, "Ganda ce ta kumbura. Yanzun nan za a gama." Ko leƙawa bai yi ba, ni ma ban tambaye shi ta yaya ya sani ba, don abin da nake so in ji ke nan, a ce yanzun nan. Ya kira ƙarti huɗu, aka sa wa dokin igiya a ƙafafu aka kayar da shi, aka cusa masa itace a baki, aka ɗora ƙarfen a gandarsa. Har yau in na ji ƙaurin nama a wuta ba shiri sai in tuna ranar nan. Da aka kwance igiya dokin ya yunƙura sau uku ya kasa tashi. Sai da muka zura masa azara biyu a ƙarƙashin ciki muka ɗaga shi, rabin gari na tsaye suna kallo.

Da ana cin rabi a zubar da rabi, yanzu ci ya tsaya cak. Baba ya fito washegari ya tarar da yawu mai jini yana dalala daga bakin dokin.

"Wa ya taɓa masa baki?"

Na ce, "Ni na kai shi, Baba."

Ya dube ni, bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Daga ranar ya daina yi mini magana. In na durƙusa na gaishe shi sai ya amsa yana kallon bango.

Abin da yake gudu kuwa bai ɗauki kwana biyu ba. Wani dillalin dabbobi ya zo wai duba jikin Malam, yana gaisuwa idonsa na kan turke. Da na rako shi sai ya rage murya ya ce akwai motar da ke kwasar dawakai zuwa kudu, ranar kasuwar Tsanyawa take lodi. Masu motar ba ruwansu da rama, muddin doki zai hau mota da ƙafarsa. Ni da shi mun san ba don hawa ake kai su can ba. Na ce masa ya tafi da maganarsa, amma ban faɗa da ƙarfin da ya kamata ba, kuma ya lura.

Inna ce ta warware mini abin da kaji suka daɗe da sani. Da sassafe ta kira ni gindin turke, ta sa kara ta farfasa wani busasshen kashin doki.

"Duba nan."

Tsabar dawa ce zube a ciki, lafiya ƙalau, ko tsaga babu.

"Ka ga abincin ubanka. Ta nan yake shiga, ta can yake fita, kaji su tsince. Wata biyu ke nan Malam yana kiwata mini kaji da cikinsa."

Ba ta yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Ta yar da karan ta goge hannu a zani.

"Ni da mijina nake so in fita daga shekarar nan. Ko ka nemo wanda ya san aikin, ko ranar kasuwa ka miƙa wa mutumin nan igiya. In Malam ya zauna a zaure yana zagina har ƙarshen rayuwata, na ji, da ransa dai."

Ranar na aika wa dillalin cewa ya biyo da safen kasuwa. Kwana shida ya rage. Ban gaya wa Baba ba, abu na biyu ke nan da na ƙulla a bayan idonsa.

Na shiga nema. A Makoda aka nuna mini wani wanzami, ya saurare ni da rabin kunne yana wasa aska, ya ce haƙori ɗaya ne ya yi tsawo, a kayar da dokin a buge shi da guduma. Wani a ƙauyen gaba ya ba ni ƙullin garin magani, ya ce in zuba a ruwan sha, kwana uku zai ci har turken. Kowa masani ne, kowa da kakansa da ya yi wa sarakuna aiki. Abu ɗaya maƙerin nan ya koya mini, ko da yake ba shi ya yi niyyar koyarwa ba: duk wanda ya faɗi ciwon tun bai ga dokin ba, sai in yi masa godiya in sa takalmina. Kwana uku suka tafi a haka, kullum in dawo in tarar da dokin ya ƙara sunkuyar da kai.

Wani mai jakuna na haɗu da shi a bakin rijiya, ya ji ina ta faɗa ni kaɗai, ya tambaye ni. Da na gama sai ya ce akwai wani tsoho Babarbare a bakin ruwan Watari yana gadin albasa. Yana goye aka zo da shi daga Borno, a bargar fatake ya tashi cikin birni, dawakai sun tsufa a hannunsa.

"Amma kada ka je masa hannu rabbana," in ji mai jakunan. "Ka tafi da kashin dokin, na safiyar ranar. In ba haka ba ko tabarma ba zai ba ka ba."

Na ɗauka zolayata yake yi, amma ba ni da wata hanya. Da safe na tsinci ɗan abin da dokin ya yi, na ƙunshe a tsumma, na sa a aljihun riga, na hau bas. Mun cunkushe, rana ta buɗe, tagar gefena ba ta zugewa. Ba mu yi nisa ba wata dattijuwa a bayana ta ce, "Wai waye ya tako wani abu?" Kowa ya sunkuya yana duba takalminsa. Ni ma na sunkuya na duba nawa, har na fi kowa daɗewa.

Bakin Watari kore ne shar. Bayan watannin da na yi ina kallon farar ƙasa, har idona sai da ya yi ruwa. Na tarar da tsohon a wata rumfar kara, siriri, da tsagen Barebari a fuska, ɗan yatsansa na tsakiya a hannun dama guntu ne. Na gaishe shi na fara zuba bayani, ya ɗaga hannu.

"Ka kawo?"

Na fito da ƙunshin. Ya baje shi a tafin hannu, ya murtsuke, ya ware tsaba gefe, ya ja wani dogon zaren harawa ya ɗaga shi a haske. Sa'an nan ya fara tambaya. Ta wane gefe yake karkata kai? Yana tofar da dunƙule? In ya sha ruwan sanyi yana ɗagowa da sauri? Na amsa duka.

"Wa ya taɓa masa baki?"

Tambayar Baba ce sak. Na ce babu kowa. Ya ɗago ya kalle ni, sai na ji ƙaryar ta yi mini nauyi a harshe, na faɗi gaskiya.

"An kayar da shi?"

"An kayar, Baba."

"Da kansa ya tashi?"

"Sai da muka ɗaga."

"To kada a ƙara. In ya sake kai haƙarƙarinsa ƙasa ba zai tashi ba. A tsaye nake aiki. Kuma doki ba ya tsayawa ƙarfe na cikin bakinsa sai mai shi na riƙe da kansa."

Na ce mai shi ƙafarsa ɗaya ce, ba ya iya tsayuwa. Ya ce wannan kuma tsakaninsu ne shi da dokinsa. Zai zo jibi da hantsi. Gabana ya faɗi, don jibi ce kasuwa. Na roƙe shi ya zo gobe.

"Gobe ruwa na biyowa ta layinmu. Albasar nan amanar mutane ce. In na bar ta na bi ka, kai ma bai kamata ka yarda da ni a kan doki ba."

Haushi ya kama ni, na tashi na kama hanya. A hanyar dawowa ne na gane cewa duk cikin waɗanda na gani shi kaɗai ne ya ƙi gaya mini abin da nake so in ji. Ko sunan ciwon bai faɗa ba.

Ranar kasuwa rana na fitowa dillali ya iso, igiya naɗe a kafaɗa, ya zauna a gindin tsamiyar ƙofar gida. Baba yana zaure. Ya leƙo ya gan shi, ya ga igiyar, ya koma ya jingina.

"Ashe har an gama ciniki," ya ce da bango.

Hantsi ya ɗaga, ba tsoho ba alamarsa. Sau uku ina fita bakin hanya. Kowace bas ta taho sai in matsa, ta wuce ta bar ni tsaye. Dillali ya tuna mini, cikin ladabi, cewa motar ba ta wuce azahar. Na ji kamar in shaƙe shi, alhali ni na kira shi. A fita ta huɗu ne na hango tsohon tafe a ƙasa ta cikin gonaki, jakar fata rataye a kafaɗarsa. Motarsu ce ta lalace, ya ƙarasa da ƙafa.

Ya yi sallama a zaure, suka gaisa da Baba gaisuwar manya, mai tsawo, ni kuwa ina tsugune zufa na bin bayana. Da aka gama Baba ya dubi jakar.

"Malam, ku biyu ne? Ɗaya ya duba baki, ɗaya ya ja igiya?"

"Ni ba na sayen doki," in ji tsohon. "Ko turke ba ni da shi."

"An buɗe masa baki sau ɗaya, gari ya gani. Ba za a ƙara ba ina raye."

"Ba ni zan buɗe ba. Dokinka ne, hannunka ne zai shiga. In ka taɓa abin da nake zato, ka ce in tafi, sai in ɗauki jakata. Ruwa kawai za a ba ni in sha."

Ina jin kaji suna tono a cikin gida. Can Baba ya miƙa hannu ya jawo sandarsa.

A gindin turke tsohon ya tsaya nesa kaɗan, hannuwansa a baya, yana faɗa Baba na yi. Baba ya zura hannu ta gurbin da babu haƙori, inda linzami ke zama. Ya jawo harshen gefe a hankali. Ya bi da yatsa can ciki, ta sama, gefen kunci. Na ga kafaɗar Baba ta motsa. Ya zaro hannun, jini na tsatsafowa a kan yatsansa, an yanke shi kamar ya shafi bakin fasasshiyar kwalba.

"Haƙoran doki ba sa daina fitowa," in ji tsohon. "In shekaru suka taru, gefen na ciki sai ya yi kaifi. Kowace tauna yanka ce a kuncinsa. Tsabar dawa ita ta fi yi masa zafi, shi ya sa yake haɗiye ta yadda take."

Baba ya daɗe yana kallon yatsan.

"Ni nake riƙe masa ƙwaryar," ya ce a hankali. "Kullum ni nake riƙe masa."

Ya share jinin a rigarsa ya ce, "Malam, buɗe jakarka."

Abin da ya fito daga jakar magagari ne a kan doguwar ƙota, sai ɗan gwangwanin gishiri. Tsohon ya wanke hannu, ya bar dokin ya shinshine shi har ya gaji. Ya nuna wa Baba inda zai tsaya, hannu ɗaya a ragama, ɗaya a bayan kunne, wuyan dokin a ƙirjinsa. Hannu biyu aikin ke so, babu wurin sanda.

"Har yaushe?" in ji Baba.

"Har a gama."

Baba ya saki sandar ta faɗi. Ni aka sa ni a gefen ƙugun dokin, in tare shi da kafaɗa in ya nemi karkacewa.

Ƙarar magagari a kan haƙori ba ta da daɗin ji, har cikin nawa haƙoran nake jin ta. Tsohon zai goga kaɗan, ya zaro, ya sa hannu ya shafa, ya bar dokin ya huta, ya koma. Wani farin gari na biyo yawu yana ɗiga. Ba ya sauri ko kaɗan, ni kuwa ina kallon inuwar danga tana gajarta. Daga inda nake ina hango lafiyayyar ƙafar Baba, wadda duk nauyinsa ke kanta, tana rawa. Mutumin da ya yi wata biyu bai ci tuwo ba.

An gama gefe ɗaya an koma ɗayan, sai na ji ƙugun dokin yana sauka a kan kafaɗata. Ƙafafunsa na baya sun fara lanƙwashewa.

"Kada ya kwanta!" in ji tsohon. "Malam, yi masa magana!"

Baba ya buɗe baki, sai ga muryar nan tasa ta kan sirdi, wadda na yi watanni ban ji ba. Ba wata magana ba ce, irin abin da yake ce masa ne in za su haura kwari. Dokin ya kaɗa kunne, ya yunƙura, ya miƙe ƙafafun. Amma ƙarfin da Baba ya sa a muryar shi ke nan abin da ya rage masa. Na ga yana zamewa a jikin wuyan dokin, hannunsa dai bai saki ragama ba.

"Kai," ya ce, "zo ka tare ni."

Maganarsa ta farko ke nan gare ni tun washegarin ranar maƙera. Na bar ƙugun dokin ga Allah, na zagayo na rungume shi ta baya. Hannuwana suka haɗu a ƙirjinsa ba tare da sun yi wata tafiya ba. Ina jin kowane haƙarƙari nasa ta cikin riga, ina jin zuciyarsa na bugawa. Na ji tsoro, na kuma ji kunya, don kullum ina ganinsa amma ban san ya ƙare haka ba. A haka muka tsaya mu uku, ni na riƙe Baba, Baba ya riƙe doki, har tsohon ya zaro magagarin ya ce alhamdu lillahi.

Aka kurkure wa dokin baki da ruwan gishiri. Na zaunar da Baba a kan kututture. Tsohon ya sa aka jiƙa dusa da 'yar kanwa aka miƙa wa dokin. Ya shinshina, ya kau da kai.

Dillali ya riga ya shigo ya tsaya a bakin danga. "To kun gani," ya ce. "Yau dai yana iya hawa mota da ƙafarsa. Kasuwa mai zuwa ban sani ba."

Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Na dubi tsohon ko zai ƙaryata shi.

"Bakin ɗanye ne, ga ƙuna ga yanka," in ji shi. "Kwana biyu ko uku. Ban yi muku alkawari ba, rai na Allah ne. Na dai cire abin da ke yankarsa. Tsaba kuma shi da ita har abada. Jiƙaƙƙiyar dusa, da harawa a yayyanka a yayyafa mata ruwa."

Baba bai ɗago kai ba, yana ta haki. Na san ba zai roƙe ni ba. Na juya wajen zanan da ya raba turke da cikin gida, inda na san Inna na tsaye tun ɗazu. Ita ta sa ranar, ita nake jira. Sai na ji guje-guje da kukan kaza, can sai ga hannunta ta saman zana, riƙe da wadda ta fi kowace ƙiba, an ɗaure mata ƙafafu.

"A ba baƙo," ta ce.

Na karɓa na miƙa wa tsohon, na juya na ce da dillali ya yi haƙuri, ya kama hanya kada motar ta bar shi. Ya gyara igiyarsa a kafaɗa ba tare da gaggawa ba, ya ce Allah ya sa kada mu neme shi. Na ce amin.

Da na raka tsohon bakin hanya, kazar a hammatarsa, na tambaye shi shekarun dokin nawa, tunda ya ga haƙoran. Ya ce ya gani, amma ba abin da ya zo dubawa ke nan ba. Ya ce duk ranar da na ga kaji sun koma gindin turke, in zo in kira shi.

Ranar farko ruwa kawai dokin ya sha. Baba ma bai ci ba, rabonsa na tsaba aka ware kamar kullum, yana nan a ƙwarya ba mai taɓawa. Inna ba ta kallona, ni ma ba na kallonta. In dokin ya faɗi yanzu, mun rasa shi, mun rasa motar, kuma ba mu san me zai tashi Baba daga kan kututturen nan ba. Rana ta biyu da la'asar ya lashi dusa, kaɗan, ya tsaya, ya sake lasa. Dusar daga tuwonmu Inna ta tsame ta, don a shekarar nan da dusarsa muke tuƙa gari ya yi auki. Rana ta uku ina gyaran danga na ji wani sauti a bayana, a jere, ba tsayawa. Na waiga, harawa yake tauna, kansa a miƙe.

Da safiyar rana ta huɗu Inna ta fito da kara a hannu. Ta tsuguna a gindin turke ta farfasa abin da dokin ya yi, ta baje, ta sake bajewa. Babu ko ƙwaya ɗaya. Kajin suka rugo kamar yadda suka saba, suka yi tono biyu uku, suka tsaya suna kallon juna, suka watse. Baba yana zaune yana ganin komai.

Ta miƙe ta shiga ciki, ta fito da ƙwaryar rabonsa ta ajiye a gabansa yadda ta saba. Ya dubi ƙwaryar, ya tura ta da bayan hannu.

"Ki daka rabona. Dusar ki kawo masa, tuwon ki kawo mini."

Inna ta ɗauka da hannu biyu. Ba ta jira matata ba, ita da kanta ta jawo turmi. Ni kuwa na zagaya bayan rumbu, na daɗe a can ina jin tabarya na sauka, ina share fuska da hula.

Tun kafin azahar aka sauke tuwon, abin da aka yi watanni ba a yi ba a gidan. Baba ya ci a hankali a gindin turke, dokin na tauna a gefensa. Da ya suɗe akushin sai ya kira sunana, ya miƙo mini, ya ce in tambayi uwata ko da saura a tukunya.